Labarin Zane a Ma'aunin Adabi: Tsokaci Kan Ayyukan Masu Farawa

1.0 GABATARWA

A 'yan shekarun nan, duk lokacin da aka yi shelar karɓar rubuce-rubuce domin wannan mujalla, akan sami ɗalibai da ke kawo wani nau'in aiki wanda bai shiga sahun waƙa ba, bai shiga na zube ba, bai kuma zauna daram a na wasan kwaikwayo ba. Labari ne da ake bayarwa ta hanyar jera hotunan da aka zana, tare da 'yan maganganu a cikin wasu jakunkuna da ke fitowa daga bakin taurari. Irin waɗannan ayyuka sukan jefa mu cikin muhawara wajen tacewa. Wasunmu na ganin harka ce ta masu koyar da zane-zane, babu ruwan manazarcin Hausa da ita. Wasu kuwa na ɗaukar ta wasan yara. Sakamakon haka, sau da yawa akan mayar wa ɗalibi da aikinsa ba tare da an nuna masa inda ya gyara ko inda ya ɓata ba, alhali wanda ya kawo waƙa, kome rauninta, akan zauna da shi a nuna masa inda karinta ya karye.

Manufar wannan maƙala ita ce biyan wannan bashi. Za mu ɗora labarin zane a kan ma'aunin da muke auna sauran sassan adabi da shi, wato jigo da zubi da tsari da salon sarrafa harshe da taurari, mu fito da kurakuran da muka fi cin karo da su a ayyukan masu farawa, sannan mu dubi yadda sha'awa kan zama sana'a. Ra'ayin da muka tsaya a kai shi ne, mai labarin zane marubuci ne tun kafin ya zama mai zane, kuma abin da ke kai shi gaci abu biyu ne: ya iya kammala ƙaramin aiki, ya kuma san yadda zai riƙe mallakar abin da ya ƙirƙira.

2.0 MA'ANAR LABARIN ZANE

Da farko ya kamata a bambance labarin zane da wasu 'yan'uwansa biyu. Na ɗaya shi ne littafi mai hotuna, irin su Magana Jari Ce na Abubakar Imam, inda labari yake cikakke a rubuce, hoto kuwa ado ne da taimako. Ko an cire shi labarin na nan yadda yake. Na biyu shi ne zanen barkwanci na jarida, wanda galibi hoto ɗaya ne tak da ke yin zambo ko hannunka-mai-sanda kan wani lamari na yau. Labarin zane kuwa jerin hotuna ne da aka tsara bi da bi, ta yadda idan aka cire ɗaya, ko aka sauya masa wuri, labarin zai gurgunce. Masana tarihin fannin kan danganta siffarsa ta zamani da Rodolphe Töpffer, wani malamin makaranta a birnin Janeba na ƙasar Siwizalan, wanda ya buga irin waɗannan labarai a shekarun 1830. Will Eisner a 1985 da Scott McCloud a 1993 sun rubuta littattafan da suka zama ginshiƙan nazarin fannin, kuma dukkansu sun jaddada cewa jerawar ita ce ruhin abin.

Domin sauƙin bayani, za mu yi amfani da kalmomi uku. Kowane hoto da aka kewaye da layi za mu kira shi gida, kamar yadda ake cewa gidan dara ko gidan hatimi. Farin filin da ke tsakanin gida da gida za mu kira shi rata. Da'irar da ke ɗauke da furucin tauraro kuwa jakar magana.

Ga misali. A gida na farko an zana yaro ya ɗaga hannu da dutse, yana hangen nunannen mangwaro. A gida na biyu an zana tulu a fashe, ruwa na malala, wata yarinya ta dafe kai. Babu inda aka zana jifa, babu inda aka nuna dutse ya kauce wa mangwaro, amma babu mai karatun da zai ce bai ga wannan ba. A cikin rata ya gan shi, wato a zuciyarsa. Ke nan, gwanintar mai wannan fasaha tana ga zaɓen abin da zai nuna da abin da zai bar wa mai karatu ya cike, kuma wannan aikin marubuci ne tsantsa. Wanda ke shakkar ko irin wannan aiki zai iya ɗaukar jigo mai nauyi, sai ya dubi Maus na Art Spiegelman, labarin wahalar da mahaifinsa ya sha a hannun 'yan Nazi, wanda ya sami lambar yabo ta musamman ta Pulitzer a 1992.

3.0 WAIWAYE KAN FANNIN A NIJERIYA

Mai farawa zai amfana idan ya san cewa ba a kansa farau ba. Tun a shekarun 1940 Akinola Lasekan yake zanen barkwanci na siyasa a jaridar West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe, yana sa hannu da sunan Lash. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970, mujallar African Film, wadda ke jera hotunan kyamara da jakunkunan magana kan wani jarumi mai suna Lance Spearman, ta sami karɓuwa ƙwarai a biranen ƙasar nan, duk da cewa a Afirka ta Kudu ake shirya ta. A tsakanin 1975 da 1977 aka riƙa buga Powerman domin kasuwar Nijeriya, amma Turawan Ingila ne suka zana shi, wato Dave Gibbons da Brian Bolland. Abin lura game da shi shi ne, mawallafansa sun sa an liƙa wa kowane gida lamba, saboda zatonsu cewa mai karatu ɗan Afirka ba zai gane inda zai bi ba.

A 1976 Wale Adenuga, wanda ya fara zane tun yana ɗalibi a Jami'ar Legas, ya fito da mujallar Ikebe Super, inda aka san Papa Ajasco da Pa Jimoh da Boy Alinco. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a ƙarshen shekarun 1980, kasuwar mujallu ta faɗi, sai ya kwashe taurarinsa ya mayar da su talabijin. A wannan ƙarni kuma an ga sabon yunƙuri: an fara taron Lagos Comic Con a 2012, Jide Martin ya kafa Comic Republic a 2013, Roye Okupe ya fitar da E.X.O. a 2015, daga baya ya biyo da Malika, labarin wata sarauniya mayaƙiya da ya ɗauki haske daga tarihin Amina ta Zazzau.

Idan muka dubi wannan jeri za mu ga cewa kusan dukkansa da Ingilishi ne ko Turancin buroka. Harshen da ya samar da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, ya kuma samar da ɗimbin littattafan ƙagaggun labarai a Kano daga tsakiyar shekarun 1980, har yanzu kasonsa a wannan fage bai taka kara ya karya ba. Har tarihinmu ma wasu ne suka riga mu zana shi, ba kuwa laifinsu ba ne. Wannan giɓi shi ya sa muke ɗaukar 'yan shafukan da ɗalibanmu ke kawowa da muhimmanci.

4.0 NAZARIN AYYUKAN MASU FARAWA

4.1 Jigo da Labari

Za mu kwatanta ayyuka biyu da suka zo hannunmu, ba tare da ambaton masu su ba. Na farko aikin wani ne mai baiwar hannu. Bangonsa na ɗauke da wani ƙaƙƙarfan saurayi mai faɗin ƙirji, sanye da alkyabba, yana tsaye a kan wani dogon bene, an kuma rubuta cewa wannan shi ne littafi na ɗaya cikin goma sha biyu. Zanen ya yi kyau matuƙa. To amma bayan mun karanta shafukan da ya kawo, mun tambaye shi abin da jarumin ke nema, da abin da ya tare masa hanya, da abin da zai rasa idan ya gaza, sai ya ce waɗannan za su bayyana a littafi na uku. Har yau ba mu ga na biyu ba.

Aiki na biyu shafi huɗu ne kacal, zanensa kuwa ba ya burge kowa: hannayen mutane sun yi tsawo, teburin ya karkace. Labarin wani mai shayi ne a zango da wani abokin cinikinsa da ya tara bashi, kullum yana zagayawa ta bayan masallaci don kada a haɗu. Ran nan sai mai shayi ya kwanta ciwo, ba a ga wanda ya buɗe tebur ya hura wuta ya yi ciniki ya kai kuɗin gida ba sai wannan mai bashi. A gida na ƙarshe an nuna hannun mai shayi yana soke wani layi a littafin bashi, babu ko kalma ɗaya. Duk wanda muka ba wannan aiki sai da ya kai ƙarshensa.

Darasin da ke nan a fili yake. Mai karatu kan yafe raunin zane idan labari ya kama shi, amma kyan zane ba ya riƙe shi idan babu labari. Persepolis na Marjane Satrapi, wanda ya fara fitowa a Faransa a 2000, baƙi da fari ne, zanensa mai sauƙi, ya kuma zagaya duniya saboda abin da yake faɗa game da ƙuruciyarta a Iran. Saboda haka, kafin mai farawa ya feƙe fensir, ya rubuta labarinsa cikin jimla uku: wane ne, me yake so, me ya hana shi. Idan jimlolin sun ƙi rubutuwa, to labarin bai nuna ba tukuna.

4.2 Zubi da Tsarin Shafi

Kuskure na biyu shi ne fara zane a kan takardar ƙarshe kai tsaye. Masu sana'ar kan bi matakai: rubuta labari, da raba shi shafi-shafi, da yin ɗan ƙaramin daftarin kowane shafi wanda bai fi tafin hannu ba, sannan zanen fensir, sannan bi da tawada, sannan rubuta maganganu. A matakin daftari ne ake gano cewa shafi ya cushe ko labari ya yi tsalle, kuma gyara a nan ba ya cin kome sai 'yan mintoci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Game da tsarin gidaje, shawararmu ita ce mai farawa ya tsaya kan gida huɗu zuwa shida a shafi, a jere sosai, har sai hannunsa ya faɗa. Idon mai karatun boko daga hagu yake tafiya zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, don haka wanda ya fara magana shi ya kamata ya kasance a hagu, jakarsa kuma ta fi ta mai amsawa tsawo a shafi. Wanda ya zaɓi rubuta maganganunsa da ajami sai ya juya tsarin gaba ɗaya, kamar yadda labaran zane na Japan suke tafiya daga dama zuwa hagu. Idan har sai an sa lamba ko kibiya kafin a gane hanya, to tsarin ne ya gaza, mai karatu ba shi da laifi.

Haka kuma girman gida shi ne ma'aunin lokaci. Ƙananan gidaje a jere suna nuna sauri, babban gida mai faɗi yana sa ido ya dakata. Mun lura masu farawa kan zana kowane gida daga nisa ɗaya, mutum daga kai zuwa ƙugu, tamkar hoton fasfo. Ya kamata a riƙa sauyawa: a fara da hangen nesa don a san wuri, a matso don a ga masu magana, a ƙara matsowa kan fuska ko hannu idan abin ya kai maƙura. Daɗin daɗawa, gida na ƙarshe a shafin dama shi ne ƙofar shafi na gaba, sai a ajiye tambaya a can wadda za ta sa a buɗe.

4.3 Sarrafa Harshe

A nan ne manazarcin Hausa ya fi samun abin cewa. Aibi mafi yawa shi ne maimaita abin da hoto ya riga ya nuna. Za ka ga an zana mutum yana gudu, an rubuta a sama cewa ya ruga da gudu, shi kuma yana cewa bari ya gudu. Tunda gani ya kori ji, kalma sai ta ɗauki abin da ido ba ya gani, kamar tunani ko ƙarya ko abin da ya wuce. Mafi armashi ma shi ne inda baki ke faɗin wani abu, fuska na faɗin kishiyarsa, kamar matar da ke yi wa kishiyarta sannu da zuwa alhali ta ɗaure fuska tamau.

Na biyu, jakar magana ƙarama ce, muna ganin bai kamata ta wuce kalmomi 20 zuwa 25 ba. Gaisuwar Bahaushe doguwa ce, kuma ba a son a yar da ita domin tana nuna matsayin masu magana, amma ba dole a kawo ta duka ba. Durƙuson yaro a gaban dattijo da kalmar ranka ya daɗe sun wadatar, sauran mai karatu ya san su. A kuma fara rubuta magana kafin a zagaye ta da jaka, domin wanda ya fara zana jaka yakan ƙare da matse haruffa.

Na uku, mun ga ɗalibai suna aro kalmomin ƙara na Ingilishi idan an yi naushi ko wani abu ya fashe. Wannan abin mamaki ne ga harshen da Allah Ya hore wa amsa-kama. Abu mai nauyi ya faɗi tim, an miƙe zumbur, an fizge wuf, an kwaɗa mari tas, wuri ya yi tsit. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan a shirye take a zana ta da manyan haruffa a cikin gida. Haka nan tatsuniya ta riga ta koya mana bambanta taurari ta hanyar furuci, domin ko ba a faɗa ba, yaro ya san Gizo ne ke magana saboda tsamin bakinsa.

Na huɗu shi ne ƙa'idar rubutu. Yawancin kyawawan haruffan kwamfuta da aka ƙera domin labarin zane ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Wanda ya yi sakaci sai baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. A gwada haruffan tun kafin a fara aiki, idan babu masu lanƙwasa a nemi wasu, ko a rubuta da hannu.

4.4 Taurari da Muhalli

Tauraron kirki shi ne wanda za a gane shi ko da inuwarsa kawai aka gani. Sanƙon Papa Ajasco ya ishe shi shaida, kamar yadda gashin baki da kakin soja suka ishi Samanja a wasan kwaikwayon talabijin. Mai farawa ya ware takarda ya zana kowane tauraro ta gaba da ta gefe da ta baya, cikin fushi da dariya da tsoro, ya manna ta a gabansa, don kada hancin jarumi ya sauya tsakanin shafi na biyu da na biyar.

Babbar matsala ita ce aro. Koyo ta hanyar kwaikwayon gwanaye ba laifi ba ne, kowa da haka ya fara. Laifin shi ne a ɗauko jarumin Amurka ko na Japan da jikinsa da birninsa, a sa masa hula a raɗa masa sunan Hausa. Hergé, mai Tintin, ya zana Kwango a 1930 zuwa 1931 ba tare da sanin ƙasar ba, aikin ya cika da raini, har yau ana sukarsa a kai. Da ya tashi zana labarin da ya shafi Sin a 1934, sai ya zauna da wani ɗalibi ɗan ƙasar mai suna Zhang Chongren, ya koyi yadda tituna da rubutu da mutanen suke, kuma manazarta na ganin daga nan ne aikinsa ya balaga. Haka Aya de Yopougon, wanda Marguerite Abouet ta rubuta, Clément Oubrerie ya zana, ya fito a 2005, ya ci kyautar littafin farko a bikin Angoulême na 2006, ba da wani jarumi mai tashi sama ba. Rayuwar 'yan mata ce a wata unguwa ta Abijan a ƙarshen shekarun 1970.

Mu da muke koyo da koyar da Hausa nesa da cibiyar ƙasar Hausa muna da taskar da ba kowa ke da ita ba. Rayuwar zango, irin ta Sabo a Ibadan ko Agege a Legas ko 'yan goro a Shagamu, cike take da labari: yaron da ke Hausa a gida, Yarabanci a layi, Ingilishi a makaranta, fatake da masu masaukinsu, wanda ya zo cin rani ya shekara ashirin. Mai zane ya ɗauki ɗan littafi ya zauna a tasha ko kasuwa, ya zana yadda ake naɗa rawani, da yadda babbar riga ke zubowa idan an zauna, da yadda ake ɗaure buhu a kan babbar mota. Ya kuma tuna cewa malamai sun yi maganganu mabambanta kan zana mai rai, kuma masu karatunsa na kula da sutura da kunya. Sanin wannan tun da wuri ya fi a gama aiki a rasa mai shigar da shi gida.

5.0 DAGA SHA'AWA ZUWA SANA'A

5.1 Kammala Aiki

Babu wanda ake kira marubuci saboda littafin da yake niyyar rubutawa. Mai farawa ya soma da tsiri mai gida uku ko huɗu, ya wuce zuwa shafi ɗaya, sannan huɗu, sannan takwas, kowanne da farkonsa da ƙarshensa. Ya auna kwana nawa shafi ɗaya ke cinye masa, domin da wannan lissafi ne zai san alkawarin da zai iya ɗauka. Edita ko mai ba da kwangila ba ya neman hoton jarumi a tsaye. Shafuka yake so ya gani a jere, masu nuna cewa mai su ya iya ba da labari, ya kuma iya cika lokaci. Kayan aiki ba hujja ba ne na jinkiri: fensir da biro baƙi da farar takarda da rula sun isa, wanda kuma ke da waya ko kwamfuta akwai manhajoji irin su Krita da ibisPaint da ake samu kyauta. Wanda ya iya labari bai iya zane ba, ya nemi wanda ya iya zane, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma yawancin manyan ayyukan fannin haɗin guiwa ne.

5.2 Bugu da Kasuwa

Marubutan Kano na shekarun 1980 da 1990 sun bar mana darasi. Da kamfanonin ɗab'i suka gaza, sai suka buga da kansu, suka kasa labari kashi-kashi, cinikin na ɗaya ya buga na biyu, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama. A yau magadansu na sayar da labari ta WhatsApp. Mai labarin zane na iya bin wannan sawu: ya riƙa sakin tsiri a Facebook ko makamancinsa a rana tsayayya kowane mako, har a saba da shi, sannan ya tattara ya buga. Idan don waya ake yi, a jera gidaje daga sama zuwa ƙasa, a kuma ƙara girman haruffa. Idan don takarda ne, a tuna cewa ɗan littafin da ake naɗewa a ɗinke a tsakiya dole adadin shafukansa ya rabu da huɗu, wato 8 ko 12 ko 16 ko 24, kuma baƙi da fari ya fi launi araha nesa ba kusa ba. A fara da kwafi kaɗan, a lissafa kuɗin bugu da kason dillali kafin a yanke farashi. Lambar littafi ta ISBN kuwa a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samun ta.

Ba za mu ɓoye wa ɗalibanmu ba, kaɗan ne ke rayuwa da cinikin labarin zane kawai, ko a ƙasashen da kasuwarsa ta kafu. Yawanci sukan haɗa da zanen bangon littattafai, da hotunan littattafan makaranta, da tallace-tallace, da ayyukan wayar da kai kan lafiya ko noma, inda ake matuƙar bukatar wanda ya iya isar da saƙo da Hausa ga wanda karatunsa bai yi zurfi ba. Saboda haka kada wanda ya bar karatunsa ko aikinsa saboda yabon abokai.

5.3 Haƙƙin Mallaka

A 1938 wasu samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka sayar da Superman ɗungurungum kan dala 130. Kamfanin ya tara dukiya mai ɗimbin yawa, su kuwa suka shiga ƙunci, har aka cire sunayensu daga aikin. Sai a 1975, bayan an yi ta ƙorafi a bainar jama'a, aka yanka musu dala 20,000 kowannensu a shekara, aka kuma mayar da sunayensu. Kwatanta wannan da Wale Adenuga, wanda da mujalla ta mutu taurarinsa ba su mutu ba, domin nasa ne. Haka Roye Okupe ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Dark Horse a 2021, aka kuma mayar da labarinsa Iyanu zuwa zane mai motsi a talabijin a 2025. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba mai aiki kariya daga lokacin da ya sa aikinsa a takarda ko na'ura, kariyar kuma tana ɗorewa har shekara 70 bayan rasuwarsa. Dokar ta kuma tanadi cewa sallama haƙƙi ga wani ba ya inganta sai a rubuce. Ke nan, hatsarin yana ga takardar da za a miƙo a ce a sa hannu. A bambance tsakanin ba da izinin bugawa na wani lokaci da sayar da tauraro har abada. Marubuci da mai zane su rubuta kason kowa tun suna shiri, kafin kuɗi ya shigo. A kuma adana zanen asali, a sa suna da shekara a kowane shafi da za a saki.

6.0 KAMMALAWA

A wannan maƙala mun yi ƙoƙarin nuna cewa labarin zane na da jigo da tsari da salo da taurari, don haka ya cancanci a yi masa hukunci da ma'aunin adabi. Mun ga cewa raunin ayyukan masu farawa bai cika zama na hannu ba. Ya fi zama na rashin nunar labari, da cushe shafi, da aron harshe da muhalli, da ɗaukar aikin da ya fi ƙarfi. Mun kuma nuna cewa sana'ar na bukatar haƙuri da lissafi da kiyaye haƙƙi.

Saura namu nauyin, mu malamai. Bai dace mu ci gaba da mayar da irin waɗannan ayyuka ba tare da sharhi ba. Muna ba da shawarar wannan mujalla ta ware 'yan shafuka a kowace fitowa domin labarin zane da Hausa, a tace shi da tsananin da ake tace waƙa, a kuma daidaita kalmomin fannu da za a riƙa nazarinsa da su, domin waɗanda muka kawo a nan gwaji ne da ke jiran gyaran masana. Ga ɗalibai kuwa, abin da muke jira a baɗi shi ne shafi huɗu, baƙi da fari, labarin da ya faru a inda kuka sani, wanda ya fara ya kuma ƙare.